Dutsen da Ya Tafasa a Hannun Cronstedt

A shekarar 1756, wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya kara wani dutse a harshen wuta, sai ya ga yana kumbura yana fitar da tururi kamar tukunya a kan murhu. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ta tafasa da ta dutse, ya raɗa masa suna ziyolait. Daga nan dutsen ya shafe kusan ƙarni biyu ba shi da wani aiki sai ado a akwatunan masu tara duwatsu.

Abin da Cronstedt bai iya gani ba shi ne ginin cikinsa. Kowace ƙwayar zarra ta silikon ko alminiyam tana zaune ne a tsakiyar ƙwayoyin oksijin huɗu. Waɗannan ƙananan tubala suna haɗuwa ta kusurwoyinsu, su bar ɗakuna da lunguna masu faɗi iri ɗaya, tamkar saƙar zuma. A cikinsu ruwan yake maƙale. Idan zafi ya kore shi, ginin yawancinsu ba ya rushewa, ɗakunan kawai ke zama wayam, suna jiran wani baƙo.

Ba kowane baƙo ke samun shiga ba, kuma a ganina nan ne labarin ya fara daɗi. A 1925, Weigel da Steinhoff suka lura cewa wani nau'insa, shabazait, yana zuƙe tururin ruwa da na barasa, amma yana ƙin na benzin, don ƙofar ta yi masa kaɗan. A 1932 James McBain ya kira irin wannan abu rariyar ƙwayoyin sinadari.

Sai dai na cikin ƙasa da aka sani a lokacin ba shi da yawa, ga gauraye. Richard Barrer a Ingila ya nuna a 1948 cewa ana iya ƙera shi a ɗakin gwaji, Robert Milton na kamfanin Union Carbide a Amurka ya sauƙaƙa hanyar, aka fara sayar da shi a 1954. A 1962 kamfanin Mobil ya shigar da shi matatun mai, inda yake farfasa ɗanyen mai mai kauri ya ƙara yawan fetur ɗin da ake samu a kowace ganga.

Na'urar oksijin da ke gefen gadon majinyaci ma shi ne a cikinta: yana riƙe naitrojin ɗin iskar ɗaki, ya bar oksijin ya wuce zuwa hancin marar lafiya.