Yadda Aka Haɗa Faifan "Band on the Run" a Legas

Bayan watsewar ƙungiyar Beatles a 1970, Paul McCartney ya kafa tasa ƙungiyar mai suna Wings a 1971, tare da matarsa Linda da makaɗin jita Denny Laine. Faya-fayansu biyu na farko, "Wild Life" da "Red Rose Speedway", ba su gamsar da masu sharhi ba. Kullum da mudun Beatles ake auna shi, kuma kullum sai a ce bai cika ba.

A 1973 ya ga gara ya bar Landan, ko canjin wuri zai kawo sabon jini. Ya nemi kamfanin EMI ya ba shi jerin situdiyoyinsa na ƙasashen waje, idonsa ya faɗa kan Legas. Tunaninsa shi ne a sha iska a bakin teku da rana, a yi aiki da dare. Tun kafin a tashi al'amari ya soma dagulewa: makaɗin jita Henry McCullough ya fice, sannan ana gobe tafiya mai ganga Denny Seiwell ya ce shi ma ba da shi ba. Su uku suka rage, sai injiniyan sauti Geoff Emerick. McCartney ya ɗauki kiɗan ganga ya ɗora wa kansa.

Sun isa a ƙarshen Agusta, ana tsakiyar ruwan sama, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, shekara uku da ƙarewar yaƙin basasa. Situdiyon yana Apapa, kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba, na'urar ɗaukar sauti ɗaya ce mai layi 8. Masaukinsu kuwa yana can Ikeja.

Wani dare McCartney da Linda suka fita yawo a ƙafa duk da gargaɗin da aka yi musu. 'Yan fashi suka tare su da wuƙa, suka ƙwace jakar da ke ɗauke da kasa-kasan gwaji da rubutattun baitoci. Dole ya sake tono waƙoƙin daga ƙwaƙwalwarsa. Wata rana kuma numfashinsa ya sarƙe a wurin aiki har ya faɗi sumamme, aka garzaya da shi asibiti.

Sai kuma ga mawaƙi Fela Kuti, wanda ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. McCartney ya gayyato shi situdiyon, ya kunna masa abin da suka ɗauka, ya ji babu kiɗan Afirka a ciki, ƙura ta lafa. Ginger Baker, tsohon mai gangar ƙungiyar Cream da ya buɗe situdiyon ARC a Ikeja, shi ma ya ja su wurinsa. A can aka yi aikin waƙar "Picasso's Last Words", Baker yana kaɗa gwangwani cike da tsakuwa a madadin caki.

A ƙarshen Satumba suka koma Landan, suka ƙarasa aikin a situdiyon AIR na George Martin. Nan aka ɗauki waƙar "Jet", Tony Visconti ya tsara kiɗan goge da ƙaho, sannan Remi Kabaka ɗan Najeriya ya sa hannu a kiɗan "Bluebird". Faifan ya fito a Disamban 1973, ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya a 1974, ya ci lambar Grammy a 1975.

Mai saurare ba zai ji sautin Legas a cikinsa ba, amma wahalar Legas ce ta tilasta wa McCartney zage damtse. Har yau ana ɗaukar wannan faifai a matsayin mafi ƙarfin aikin da ya yi bayan Beatles.