Tarihin Tsara Aikin Gini: Daga Jadawalin Gantt Zuwa Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Tun da can magina sun san cewa jira shi ke cinye kuɗin babban aiki: birkila yana jiran siminti, kafinta yana jiran birkila, kuɗin lebura kuwa yana ta hawa. Wajen shekarun 1910 wani injiniya Ba'amurke, Henry Gantt, ya yaɗa jadawalin da ake ja wa kowane aiki layi gwargwadon kwanakin da zai ci. Yana da sauƙin karantawa, amma ba ya nuna aikin da zai tsaya in wani ya makara.

A shekara ta 1957 Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suka toshe wannan giɓi da taimakon na'ura mai ƙwaƙwalwa. Suka jera ayyuka bisa ga yadda wani ya dogara da wani, suka fitar da sarƙar da ta fi tsawo, watau wadda jinkirin kwana ɗaya a cikinta jinkirin aikin ne baki ɗaya. A 1958 rundunar ruwa ta Amurka ta fito da irin tata dabarar, PERT, don aikin makamin Polaris. Sa'an nan cikin shekarun 1970 Daniel Halpin ya ƙirƙiro CYCLONE, tsarin kwaikwayon aiki a cikin na'ura: a gwada tifa biyar da injin haƙa ɗaya, a gwada bakwai, a ga inda layi zai taru tun ba a ƙona man fetur ba.

Duk da haka, labarin da ake ba na'urar tsoho ne, don sai an rubuto rahoto daga filin aiki, wani lokaci bayan mako guda.

Aikin jirgin ƙasa na Crossrail a birnin Landan, wanda aka soma a 2009, ya nuna iyakar abin da labarin nan-take ke iya yi. Tsakanin 2012 da 2015 injuna 8 suka haƙa ramuka masu tsawon kilomita 42 a ƙarƙashin birnin. An liƙa dubban na'urorin awo a jikin gine-gine, suna aiko da labarin motsin ƙasa da milimita, in wuri ya soma nutsewa a ɗura masa kunun siminti. Haƙar ta ƙare lafiya.

Labarin da ke bi ta hannun mutane kuwa bai yi wannan sauri ba. An yi alkawarin buɗe layin a Disamba 2018, sai a watan Agusta, saura wata huɗu kacal, aka sanar cewa ba zai yiwu ba: tashoshi ba su kammala ba, na'urorin ba jirage hannu ba su gama gwaji ba. A 2019 ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya gano cewa shugabannin aikin sun nace wa ranar da ba za ta cimmu ba, ba su kuma da cikakken tsarin ƙarasa aikin. An buɗe layin ran 24 ga Mayu 2022, kuɗinsa ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan fam biliyan 19.