Gandun Dajin Ƙasa na Gunung Gading

Gunung Gading gandun daji ne na ƙasa da ke kusa da garin Lundu, a jihar Sarawak ta ƙasar Maleshiya, a yammacin tsibirin Borneo. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 41 ne. An killace shi a shekarar 1983, musamman domin kare furen Rafflesia, aka buɗe shi ga baƙi a 1994. Kalmar "gunung" na nufin dutse a harshen Malay. Kurmi ne mai duhu da yawan ruwan sama, ya lulluɓe duwatsu huɗu: Gading, Perigi, Sebuloh da Lundu.

Furen Rafflesia

Nau'in da ke tsirowa a nan shi ne Rafflesia tuan-mudae, wanda masanin tsirrai ɗan Italiya Odoardo Beccari ya raɗa wa suna don girmama Charles Brooke, mai riƙe da sarautar Tuan Muda ta Sarawak a lokacin. Furannin wannan dangi su ne mafiya girma a duniya, wani kan kai kusan mita ɗaya a faɗi.

Tsiron ba shi da ganye, ba shi da kara, ba shi da saiwa. Kamar yadda kauci ke ci daga jikin bishiya, haka yake rayuwa cikin wani tsiro mai yaɗo, dangin inabi, da ake kira Tetrastigma, yana tsotsar ruwa da abinci daga gare shi. Ba a ganinsa sai ya fitar da toho, wani ƙullutu mai kama da kabeji. Tohon kan ɗauki kimanin wata 9 yana girma, kuma da yawa kan ruɓe kafin su kai ga buɗewa. Idan ya buɗe, ja ne mai ɗigo-ɗigo, yana warin mushe. Warin ne ke jawo ƙudaje, su kuma su ɗauki bununi daga namijin fure zuwa macen. Bayan kwana 4 zuwa 5 sai ya yi baƙi ya narke.

A nan ne matsalar take: sai namiji da mace sun buɗe a lokaci guda, kusa da juna, kafin a samu iri. Saboda haka take toho ɗaya da ƙafa babbar asara ce.

Ziyara

Daga birnin Kuching, tafiyar kusan awa 2 ce a mota. Furen ba shi da tsayayyen lokaci, sai dai an fi dacewa da shi a damina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Masu dabara kan tuntuɓi ofishin gandun kafin su kama hanya, domin ma'aikata na bin diddigin kowane toho. Mai zuwa ba tare da tambaya ba yana iya komawa bai ga komai ba sai kurmi.

Kusa da ofishin an shimfiɗa hanyar katako don baƙi su kalli furen ba tare da taka ƙasar da yake tsirowa ba. Idan ya buɗe can cikin daji, jagora ne ke kai mutane. Akwai kuma hanyar ƙafa da ke bi ta magangarun ruwa, inda ake yin wanka, da wata mai wuyar hawa zuwa ƙololuwar dutsen Gading, wadda kan cinye yini guda, zuwa da dawowa.