Gawo, Harawa da Tumbin Bunaji

Tarihin Daura yakan fara ne daga bakin rijiyar Kusugu, wato daga ƙarancin ruwa. Makiyayin ƙasar kuwa ya san cewa rani yakan zo da yunwa tare da ƙishirwa.

Saniya ba ta narkar da ciyawa da kanta. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne suke ruɓar da ita, sannan su ma su gangara ƙaramin hanji a narkar da su, jiki ya tsotsi furotin. Idan ciyawa ta bushe har furotin ɗinta ya gaza kashi 7 cikin ɗari, halittun nan sukan raunana, saniya ta rame alhali cikinta cike yake.

Tun kafin zuwan Turawa, manoman Daura da Fulani sun gano maganin wannan. Sun bar gawo a gonaki saboda yana zubar da 'ya'yansa da rani, sun adana harawa, sun riƙa bai wa shanu kanwar da fatake ke kawowa daga arewa. Bunaji da Rahaji, masu ƙarancin buƙata, sukan kai damina da wannan ɗan tanadi.

A gonar Shika ta Zariya, wadda aka kafa a 1928, daga baya an haɗa Bunaji da shanun Turai. Nono ya ƙaru, amma 'ya'yan suna neman abincin da karan gero ba ya bayarwa. Mai shirin sayen irin waje a yau, ya fara ƙirga gawon gonarsa da damman harawarsa.