Jirgin da ya fara zuwa Kano, da mutanen da suka hana irinsa ɓacewa

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman na Biyu, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Sun taso daga Helwan, kudu da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka bi Kogin Nilu har Hartum, suka karkata yamma ta Darfur da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, sannan suka shigo ƙasar Barno. Daga wannan tafiya ake fara ƙidayar tarihin sufurin sama a Nijeriya.

Jiragen samfurin DH.9A ne, ƙirar kamfanin Airco wadda Geoffrey de Havilland ya tsara. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya tsira. Hasali ma, a cikin kusan dubu biyu da aka ƙera a Ingila, guda ɗaya tak na asali ya rage, yana ajiye a gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Hendon, a arewacin Landan. Duk mai son ya ga irin abin da Kanawa suka ɗaga kai suka kalla a wannan rana, can zai je. Kuma da ba don wasu kafintoci, makanikai da masu ɗinki da littattafan tarihi ba su cika ambaton sunayensu ba, da ko wannan ɗayan babu.

Jirgin katako da yadi

Wanda ya saba da jiragen fasinja na yau zai yi mamakin abin da aka haɗa DH.9A da shi. Ƙashin jikinsa katako ne, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe, an lulluɓe shi da yadin lilin. Fukafukansa hawa biyu ne, faɗinsu daga wannan baki zuwa wancan mita 14. Mutum biyu yake ɗauka, matuƙi da mai lura a bayansa, kowanne a cikin rami marar rufi, iska da rana na dukansu. Injinsa ƙirar Amurka ne mai suna Liberty, mai silinda 12 da ƙarfin doki 400, gudunsa kuwa bai cika kilomita 200 a sa'a ba. Da yake ruwa ne ke sanyaya injin, a ƙasashe masu zafi sai an ƙara masa lagireto na biyu. Kuma saboda filayen sauka na lokacin fako ne da ƙaya, akan ɗaura masa tayar ko-ta-kwana a jiki.

Irin wannan jirgi ba a ƙera shi don ya tsufa ba. Rana tana cinye yadi, laima tana sakin gam, gara tana cin katako, tsatsa tana cin waya. Da sojan sama suka daina amfani da samfurin a 1931, ba wanda ya ga dalilin ɓata wuri wajen ajiye tsohon kaya. Abin da ke da amfani aka cire, sauran aka watsar. Haka kusan dukkan jiragen wancan zamani suka ƙare, kuma waɗanda suka tsira sun tsira ne bisa tsautsayi ko mantuwa.

Yawon jirgi mai lamba F1010

Jirgin da ke Hendon lambarsa F1010. Kamfanin Westland ne ya ƙera shi a 1918, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana cikin jiragen da Nizam na Haidarabad, basaraken Musulmi mafi arziki a Indiya ta wancan lokaci, ya biya kuɗinsu ya ba runduna ta 110, shi ya sa aka rubuta sunan mai kyautar a jikin kowanne. Shi ne na goma sha uku a jerin, amma saboda camfin Turawa game da wannan lamba sai aka rubuta masa 12A.

Sauya lambar bai hana ƙaddara ba. Ranar 5 ga Oktoba, 1918, saura mako biyar a tsagaita wuta, ya fita kai hari Jamus, dole ta sa ya sauka a hannun abokan gaba, aka kama mutanensa biyu. Wannan kamu shi ya cece shi. 'Yan'uwansa da suka koma gida lafiya an yi aiki da su har suka ƙare, shi kuwa Jamusawa suka ajiye shi a matsayin ganima, daga bisani ya shiga babban gidan tarihin jiragen sama na Barlin da aka buɗe a 1936.

A 1943, da ruwan bama-bamai ya tsananta a kan Barlin, aka kwashe wasu daga cikin kayan gidan zuwa gabas, yankin da ke cikin ƙasar Folan a yau. Gidan tarihin kansa ya ƙone, kuma jiragen Ingila ne suka ƙone shi. Bayan yaƙi aka tsinci abin da ya tsira, akasarinsa gangar jiki babu fukafukai, aka yi ta yawo da shi daga wannan ma'aji zuwa wancan har ya zauna a birnin Krakow. A 1977, ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Gabas da Yamma, gidajen tarihin ƙasashen biyu suka yi musaya: Ingila ta ba da jirgin yaƙi samfurin Spitfire, irin wanda matuƙan Folan suka yi suna da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, ita kuma ta karɓi ragowar F1010. Aka kai shi ma'aikatar gyara ta gidan tarihin da ke Cardington, aka sake yi masa abin da ya rasa, har da fukafukai, aka fito da shi ga jama'a a 1983.

Abin da ake nufi da gyara

Kalmar gyara ta yi wa wannan aiki kaɗan. Mai gyaran tsohon jirgi yakan fara ne da karatu: zanen ƙira idan ya tsira, littafin kayan gyara, tsofaffin hotuna, da takardun rundunar da ta yi amfani da shi. Inda zane ya ɓata, sai a auna ruɓaɓɓen guntu a fitar da sabon zane daga jikinsa. Sannan a nemo irin katakon da aka yi amfani da shi tun farko, mai miƙaƙƙen zare marar ƙulli. Kowane fiffike yana da haƙarƙari masu yawa, kowanne kuma da hannu ake haɗa shi daga ƙananan sanduna. In an gama, a shimfiɗa lilin, a ɗinke shi a kan kowane haƙarƙari da doguwar allura, ƙulli bayan ƙulli, don kada iska ta ɗaga shi. Daga nan a shafa masa wani ruwan sinadari da ke tsuke yadi, shafi bayan shafi, har ya ɗame kamar fatar ganga. A ƙarshe a ɗaure wayoyi, kowace da gwargwadon ƙarfinta, domin a jirgi mai fukafukai hawa biyu wayoyin ne ke riƙe da siffarsa.

Waɗannan sana'o'i sun bar masana'antar jiragen sama tun da ƙarfe ya maye gurbin katako. A wuraren gyara suka samu mafaka, inda tsofaffin ma'aikata da 'yan sa-kai, da yawansu masu ritaya, suke koya wa matasa. Gidan tarihin sojan saman Ingila ma yana ɗaukar almajiran sana'a a cibiyarsa ta Cosford saboda wannan dalili. Ke nan abu biyu ake adanawa a lokaci ɗaya: jirgin, da kuma hannun da ya san yadda ake yin sa.

Misali mafi ban mamaki ya fito ne daga Indiya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta raba wa ƙasashen daularta rarar jiragen da suka yi mata yawa. Wasu DH.9, wato samfurin da DH.9A ya gada, suka faɗa hannun masarautar Bikaner, aka tura su bargar giwayen fada, suka shekara wajen tamanin gara tana cinsu. Wani injiniya Baturen Ingila, Guy Black, ya kwaso ragowar biyu zuwa ma'aikatarsa. Ɗaya aka gyara shi don ajiya a gidan tarihi na Duxford, aka nuna shi a 2007. Ɗayan kuwa sai a 2019 ya tashi sama, da injin Puma irin na zamaninsa. Kusan shekara ashirin ke nan tsakanin kwasowa da tashi.

A tayar, ko a bari?

Masu wannan aiki ba bakinsu ɗaya ba, kuma saɓaninsu ba na wasa ba ne. Duk katakon da aka sauya, an rage wani abu na asali. Wanda ya san ginin ƙasa ya san matsalar: tsohon soro da ake yi wa yaɓe bayan kowace damina yana nan tsaye saboda yaɓen, amma wani ɓangare na ƙasar da magina na farko suka kwaɓa ya daɗe da tafiya. A duniyar jirage abin ya kai ga akwai Spitfire masu tashi a yau waɗanda ɗan abin da ya rage na asali a jikinsu bai wuce farantin lamba da wasu 'yan guntaye ba.

Shi ya sa wasu suka zaɓi su bar abu yadda aka same shi. A Hendon ɗin dai akwai wani babban jirgin yaƙi samfurin Halifax da aka tsamo daga wani tafki a Norway a 1973, bayan ya shekara talatin da ɗaya a ƙarƙashin ruwa. An tsayar da tsatsarsa, an bar shi kwance da raunukansa.

Wasu kuma sun ce jirgin da ba ya tashi gawa ce: ba a jin ƙararsa, ba a san yadda yake amsa hannun matuƙi ba. Su ma sun san farashin ra'ayinsu. Labarin jirgin Blenheim na Duxford ya isa shaida. Ƙungiyar da Graham Warner ya ɗauki nauyinta ta shekara goma sha biyu tana haɗa guda ɗaya daga ragowar irinsa da aka ƙera a Kanada. Ya tashi a watan Mayun 1987, ya faɗi bayan wata ɗaya. Suka ɗauko wata gangar jikin suka sake farawa, ya tashi a 1993, ya sake yin hatsari a 2003. Suka koma aiki karo na uku, ya tashi a watan Nuwamban 2014. A wannan karo hancin da aka sa masa na wani tsohon Blenheim ne da wani ma'aikacin kamfanin Bristol ya mayar ƙaramar mota mai aiki da lantarki bayan yaƙi, abin da ya hana a narkar da shi.

Blenheim ma ba baƙo ba ne a sararin Kano. Daga Satumban 1940, Ingila ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su, su tashi ayari-ayari ta Legas, Kano, Maiduguri da Sudan zuwa Masar, sau da yawa Blenheim ne a gaba yana nuna hanya. Dubban jirage suka bi wannan layi, wanda rabinsa na gabas shi ne hanyar 1925. Wanda ya jagoranci sojan saman da ke yaƙin hamada daga 1941, inda da yawan jiragen suka nufa, shi ne Coningham ɗin nan dai.

Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne amana. Gyaran kirki yana barin rubutaccen bayani: wannan na asali ne, wannan sabo ne, wannan an kwaikwayo shi daga hoto. Sassan da aka cire akan ajiye su, don wanda zai zo daga baya da ilimin da ya fi na yau ya iya duba aikin.

Makami ne, kuma shaida ne

Ba daidai ba ne a yi maganar DH.9A kamar abin ado. Jirgin jefa bama-bamai ne. A shekarun 1920 da shi Ingila ta riƙa ladabtar da ƙabilun Iraƙi da na iyakar arewa maso yammacin Indiya daga sama, domin hakan ya fi tura sojan ƙasa arha. Zuwansa Kano ma, ban da gwajin hanya, nuna ƙarfin daula ne ga waɗanda take mulka, shekara ashirin da biyu kacal bayan cin birnin a 1903.

Wannan bai rage darajar aikin masu gyara ba, ƙara masa nauyi ya yi. Takardun mulkin mallaka waɗanda suka yi mulkin ne suka rubuta su, da kalmomin da suka zaɓa. Jirgin kuwa kowa na iya tsayawa a gabansa ya auna da idonsa: ga inda ake rataya bam, ga bindigar mai lura, ga kuma siririn yadin da ke tsakanin matuƙi da mutuwa. Gani ya kori ji. Mai kallo zai fahimci tsoron mutanen da ke ƙasa, zai kuma fahimci kasadar waɗanda suka ratsa Darfur a cikin abin da bai fi akwatin katako ƙarfi ba. Zai ga cewa ƙarfin da ya razana al'ummomi ba sihiri ba ne, aikin kafinta ne da maƙeri da tela.

Darasin F1010 shi ne, tsohon jirgi yakan shiga hatsari mafi girma a lokacin da ya tsufa amma bai kai a kira shi kayan tarihi ba. A wannan tsakani ne ake sayar da shi ga 'yan gwangwan. Kamfanin Nigeria Airways, wanda ya yi jigilar alhazai daga Kano shekara da shekaru, an rufe shi a 2003, kuma tsofaffin jirage da aka yasar a gefen filayen saukar ƙasar sun daɗe suna fuskantar irin wannan makoma. Kowane jirgi da ke cikin gidan tarihi a yau, akwai ranar da wani ya tsaya a kansa yana tarkace, ya ce kada a taɓa shi, sannan aka samu wasu da suka ba shi shekarun rayuwarsu.