Haruffa Huɗu a Kan Kyamara da Tarihinsu

Duk wanda ya riƙe kyamara ta ƙwararru ya ga haruffa huɗu a kanta: M, S, A da P. Kowane harafi yana da tarihinsa, kuma dukansu amsa ce ga tambaya guda: me mai ɗaukar hoto zai riƙe a hannunsa, me zai bar wa na'ura?

Abu biyu ke iyakance hasken da ke shiga kyamara: faɗin kafar da yake bi, da tsawon lokacin da marufinta yake buɗe. Tun daga 1839, shekarar da aka bayyana dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, har kusan ƙarni guda, mai hoto da kansa yake daidaita su biyun, bisa ƙiyasi da gogewa. Wannan gadon ne harafin M ke ɗauke da shi.

A 1938 kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da Super Six-20, kyamarar farko mai daidaita haske da kanta: mai hoto ya zaɓi lokaci, ita kuwa ta zaɓi faɗin kafa. Tsadarta ta hana ta yaɗuwa, amma dabarar ba ta mutu ba. Kamfanonin Japan suka raya ta, Konica a 1965, Canon da AE-1 a 1976. Ita ce S, wadda Canon ke rubutawa Tv. A 1971 Pentax ya juya al'amarin: mutum ya zaɓi kafa, na'ura ta zaɓi lokaci. Ita ce A, ko Av. Harafin P kuwa, inda na'ura ke zaɓar duka biyun, ya faro ne da Agfa Optima ta Jamus a 1959, kafin Canon A-1 ta kai shi hannun ƙwararru a 1978.

Bambancin yana fitowa fili a wurin aiki. Mai son tsayar da ɗan kokawa daidai lokacin kaye, S yake bukata, da lokaci gajere ƙwarai, kamar kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Mai son zanen ƙofar fadar Damagaram ya fito tas tare da mahayin da ke gabanta, A zai zaɓa, ya ƙuntata kafa. P kuwa ta mai gaggawa ce.

Sai dai akwai wani aibi da hanyoyin ukun nan suka gada. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka cewa matsakaicin abin da ke gabansa launin toka ne. Idan dattijo ya tsaya da farar babbar riga cikin ranar Salla, sai na'ura ta ga haske ya yi yawa, ta rage shi. Rigar ta dushe, fuskar ta nutse cikin duhu. Nikon FA ta 1983, wadda ta fara raba hoto kashi-kashi tana auna kowane, ta rage matsalar, amma ba ta kawar da ita ba. Maganin yana hannun mai hoto: ya ƙara haske da maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi, ko ya koma M.

Ƙungiyoyinmu da ke tattara hotunan makaɗa, masaƙa da malamai domin ƴan baya ya kamata su san wannan. Dattijon da aka ɗauka bana, wataƙila baɗi ba a same shi ba. In fuskarsa ba ta fito ba, rigarsa kaɗai jikokinsa za su gani.