3.2 Abdullahi Smith da Horar da Ɗaliban Tarihi a Zariya

Kamar yadda aka ambata a baya, lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962, mafi yawan abin da aka rubuta da boko game da tarihin Arewa ya fito ne daga alƙalamin jami'an mulkin mallaka. Wanda aka ɗora wa nauyin kafa Sashen Tarihi shi ne H.F.C. Smith, Baturen Ingila da ya taso daga Jami'ar Ibadan. Bayan ya musulunta ne ya ɗauki sunan Abdullahi, kuma da wannan suna aka san shi har rasuwarsa a 1984.

Tun yana Ibadan Smith ya nuna irin tafarkin da yake son ɗalibi ya bi. Ɗalibinsa Murray Last bai tsaya ga takardun Turawa ba, sai da ya tafi Sakkwato ya zauna wajen Waziri Junaidu yana karanta wasiƙu da littattafan Larabci na shugabannin jihadi. Daga nan ne kundin digirinsa na uku ya fito a 1964, aka buga shi littafi a 1967 da sunan The Sokoto Caliphate. Wannan tsari shi Smith ya zo da shi Zariya: ɗalibi ya nemi Larabci ko ya nemi wanda ya iya, ya je garin da yake nazari a kansa, ya durƙusa gaban malamai da dattawa. Shirin binciken tarihin Arewa da aka fara a 1964 ya tattara rubuce-rubucen hannu daga gidajen malamai, sannan a 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, a tsohon gidan Sardauna, Smith ya zama daraktansa na farko.

Abin lura shi ne yadda aka rarraba aikin, kamar yadda mai gida ke raba gona. Sa'ad Abubakar ya ɗauki Fombina, wato Adamawa. Yusufu Bala Usman ya ɗauki Katsina, ya kammala a 1974. Muhammad Nur Alkali ya fuskanci Kanem-Barno. Kowa da yankinsa, amma a taron ƙara wa juna sani na sashen ake haɗuwa a tsefe abin da kowa ya samo. Shi kansa malamin bai zauna yana duba aikin wasu kawai ba. A maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa, ya ƙi yarda cewa labarin Bayajida ya isa ya bayyana asalin sarauta. A ganinsa sarauta ta tsiro ne daga cikin al'umma, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni. Ɗalibin da ya ga malaminsa ya taɓa labarin da kowa ya haddace tun yana firamare, ba zai ji tsoron taɓa rahoton Razdan ba.

Sai dai mai wannan bincike na ganin tsarin yana da nasa gibin. Dogaro da rubutun Larabci ya sa hankali ya fi karkata ga masarautu da fadoji, domin a nan ne takardun suke. Al'ummomin da ba su ajiye tarihinsu a rubuce ba, irin na kudancin Zariya da tsaunukan Filato, sun daɗe suna jira kafin a juyo gare su sosai.

Haka kuma ba daidai ba ne a ɗauka cewa ɗaliban sun tsaya inda malaminsu ya tsaya. Bala Usman ya fi mayar da hankali ga tattalin arziki da dangantakar talakawa da masu sarauta, ya kuma soki masu fassara jihadin 1804 a matsayin rikicin Hausa da Fulani. Shi ne ya tace takardun taron Sakkwato na 1975 aka buga su a 1979, kuma a hannunsa da takwarorinsa ne horar da ɗalibai ya koma bayan rasuwar Smith, har zuwa tasa rasuwar a 2005.